Ido Ba Mudu Ba Ne

A cikin birnin Kano an yi waɗansu 'yan'uwa biyu, wa da ƙane, uwa ɗaya uba ɗaya. Ƙanen kafinta ne a ma'aikatar En'e ta wancan zamani, aikinsa tebur da benci da ƙyamare. Wan kuwa ya yi lebura a filin jirgin sama lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, wanda mutanenmu su ke kira Yaƙin Hitila. Bayan ƙare yaƙi ciwon ido ya kama shi, aka yi magani har aka gaji, ya makance. Ba abin da ya rage masa sai zaman zaure da ba da labarin jiragen da ya yi wa hidima.

To, kafin mu ci gaba, ya kamata mai karatu ya san abin da ya kawo jiragen yaƙi Kano. A watan Yuni 1940 Italiya ta shiga yaƙi a gefen Jamus, hanyar Bahar Rum ta zama mai hatsari ga Ingilishi, ga shi kuwa suna da mayaƙa a Masar masu bukatar jirage. Sai suka yi dabara. Suka riƙa ɗauko jiragen a cikin manyan akwatuna ta teku zuwa Takoradi, a ƙasar da yanzu a ke kira Gana. Can a ke harhaɗa su, su tashi su sauka Ikko, su sauka Kano, su bi ta Maiduguri da Fort Lamy, watau Njamena ta yanzu, su ratsa Jinaina da Fashar har Hartum, sa'an nan su bi Kogin Nilu zuwa Masar. Daga Maiduguri zuwa Hartum kusan hanyar alhazanmu ce ta ƙasa, sai dai abin da alhaji kan yi watanni yana tafiya su cikin 'yan kwanaki su ke gamawa. Ayarin farko ya tashi a watan Satumba 1940, kafin ƙarshen 1943 kuwa jirage fiye da 5,000 sun bi ta hanyan nan.

Cikinsu wanda makahon nan ya fi ƙauna shi ne Hurricane, ƙaramin jirgi mai ɗaukar mutum ɗaya. Wani Bature mai suna Sydney Camm ya tsara shi a kamfanin Hawker, ya fara tashi a 1935, an kuwa ƙera fiye da 14,000. A yaƙin da aka gwabza a sararin Ingila a 1940 ya fi kowane irin jirgi kakkaɓo jiragen Jamus. Makaho bai san wannan duka ba. Abin da ya sani shi ne ya gangara masa duro na fetur, ya goge masa ƙura, ya lulluɓe shi da tamfol, har hannunsa ya haddace jikinsa.

Ran nan yana cikin ba da labari, ya ce rabin jikin jirgin na baya yadi ne aka ɗaura bisa itace, in ka ƙwanƙwasa sai ka ji kamar ganga. Samarin unguwa suka fashe da dariya, wani ya ce, "Haba, Baba, jirgin yaƙi da yadi, sai ka ce rumfar kasuwa!" Tsoho ya yi shiru, ya sunkuyar da kai. Tun daga ranar ya daina labari. Abin ya ci ran ƙanen ƙwarai, ya ce masa, "Yaya, in Allah ya yarda sai na sassaƙa maka jirgin nan, ka riƙe shi a hannunka, su kuma su gani."

Ya samo guntun itacen rimi, ya sa gizago, kwana uku ya gama, don shi ma ya sha ganin jiragen suna gilmawa ta kan Dala. Ya kawo yana murna. Makaho ya karɓa, ya shafa daga hanci har wutsiya, ya ce, "Auta, Allah ya yi maka albarka, amma wannan kam hasbiya ka sassaƙa. Fukafukan sun gajarce, cikin ya yi ƙiba, ga shi babu ƙusumbi a bayan matuƙi." Kafinta ya ji kunya, ya gane ido ba mudu ba ne.

Ana nan, sai ya yi dace da wata tsohuwar takardar Turawa a Kasuwar Kurmi, an ƙunsa masa ƙusoshi a ciki. Ko da ya warware sai ga zanen jirgin nan ta fuska uku, ta sama da ta gefe da ta gaba, da lambobi a ƙarƙashi. Ga dukiya a hannu, ga shi ba ya karatun boko, iyakarsa allo, awonsa kuwa da sanda mai tsaga ya ke yi. A farkon shekarun 1950 ne, sa'ad da aka buɗe azuzuwan Yaƙi da Jahilci ko'ina a Jihar Arewa. Ya tafi ya ba da sunansa, furfura ta fara fito masa a gemu, ya zauna bisa tabarma tare da sa'o'in 'ya'yansa. Da ya iya haɗa baƙi, ya iya lissafi har rabawa, sai ya kai wa malamin takardar.

Malam ya duba ya ce, "Daga bakin wannan fiffike zuwa bakin wancan ƙafa 40 ne, tsawon jirgin kuwa wajen ƙafa 32. In kana so naka ya fito sak, sai ka rage kome da kome daidai wa daida. Mai da kowace ƙafa ta zama rabin inci." Kafinta ya zauna da fensir ya raba da kansa. Fukafukai suka ba shi inci 20, jiki inci 16, watau kashi ɗaya cikin 24 na jirgin gaske. Nan ya ga inda ya ɓata a da: ashe faɗin fukafukan ya fi tsawon jirgin, shi kuwa ya yi su a juye.

Wannan karo bai yi gaggawa ba. Ya bar rimin ya bushe sarai a inuwa don kada ya karkace daga baya. Ya zana siffar gefe bisa katako ya yanke da zarto, ya zana ta sama ya yanke, sa'an nan ya bi da wuƙa da magagari yana zagaye kusurwoyi, yana yi yana awo. Fiffiken ya yi shi mai kauri a gindi, yana sirancewa zuwa baki. Ya sassaƙa ɗan akwatin da ke ƙarƙashin ciki, inda iska ke shiga ta sanyaya ruwan inji. Farfela mai reshe uku ya yi ta da maɗaci, sai da biyu suka karye kafin ta uku ta tsaya, don kowane reshe dole a murɗa shi daidai da ɗan'uwansa. Ƙafafun ya buɗa su nesa da juna, yadda za su naɗe su dubi ciki kamar na ainihin. Ya huda ramukan bindiga huɗu huɗu a goshin kowane fiffike.

Da ya zo kan rabin baya, inda aka ƙaryata wansa, nan ya fi ɓata lokaci. Ya rarake shi, ya jera siraran tsinkayen tukurwa a tsaye daga bayan matuƙi har wutsiya, ya ja farin alawayyo a kai, ya shafe da gam har ya ɗaure tamau, layin tsinkayen na fitowa ta ƙarƙashi.

Wajen fenti ne ya gamu da wahala. Ya shafa a tsakar gida cikin hunturu, ya bar shi ya kwana. Kashegari ya tarar ƙura ta manne, jirgi ya yi kaushi kamar bangon da ba a yaɓe ba. Ya yi salati, ya ɗauki samfefa ya kankare aikin duka. Ya koma cikin ɗaki, ya yayyafa ruwa a ƙasa, ya rufe ƙofa, ya riƙa shafawa sama sama, sai ta bushe ya ƙara. Bisa ya yi launin ƙasa da na rairayi, ƙasa ya yi shuɗin sama, irin kayan jiragen hamada. Sa'an nan ya sa tambarin nan na da'ira, ja a tsakiya, sai fari, sai shuɗi, da rawaya a gefe.

Ranar da ya gama, ya kai zaure bayan la'asar, samari sun taru. Makaho ya shafa fukafukai ya gyaɗa kai. Ya shafa ƙusumbi ya yi murmushi. Ya sa farce ya ƙwanƙwasa yadin, kowa ya ji ƙarar. Can yatsansa ya kai ƙarƙashin hanci, sai ya tsaya cik, ya ce, "Auta, ina maƙoƙon?"

Kafinta ya ce, "Yaya, wallahi babu shi a takarda, na bi ta layi layi."

Makaho ya ce, "Takardarka ba ta zo Kano ba, ni kuwa da hannun nan na goge shi."

Gaskiyarsa kuwa. Zanen na jiragen da suka zauna Ingila ne. Waɗanda aka aiko ƙasashen zafi an ƙara musu wata babbar matata a ƙarƙashin hanci, mai tace iska don kada rairayi ya shiga ya cinye injin. Kafinta bai yi gardama ba. Ya kankare fentin wurin, ya sassaƙa maƙoƙon, wan yana taɓawa yana cewa a rage nan, a ƙara can, har ya ce ya yi. Ashe karin maganar da saura: ido ba mudu ba ne, amma ya san kima, hannun da ya yi aiki ma haka.

Saurayin da ya yi dariya a da ya matso ya durƙusa, ya ce, "Baba, a gafarce ni. To, in harsashi ya huda yadin fa?" Tsoho ya gyara zama, ya aza jirgin bisa cinyarsa, ya ce, "Sai ya wuce abinsa, a zo a sa maho, gobe jirgi ya tashi." Daga nan ya ɗauko labarin ranar da ya fara ganinsu sun sauka, ba su tashi ba sai da ladan ya kira magariba.