Agiye: Inda Ƙura da Kuran Suke Yi wa Kwamfuta Taron Dangi

Matafiyin da ya bar Maraɗi ya nufi gabas bisa babbar hanyar gudron mai lamba 1, wadda ta miƙe zuwa Damagaram, idan ya wuce Cadawa sai ya iske Agiye, tafiyar kilomita kamar 80. Ƙasa ce ta jigawa, ta hatsi da wake da gujiya da aya. A 1972 aka cire ta daga Tasawa ta zama gunduma mai cin gashin kanta, ita kuma aka cire mata Gazawa a 2011. Sarautar gunduma ba ta zuwa ita kaɗai: da birori take tafe, da malaman lakwal, da ma'aikatan furoje irin na Fida da suka daɗe suna aiki da manoman Ɗan Saga da kewaye. A yau kuwa kowane biro da kwamfutarsa, wadda mutanen wurin suka fi sani da ordinatar. Haka ɗalibin da ya zo hutu daga jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo ta Maraɗi, haka saurayin da ke zuba waƙoƙi cikin salula a bakin tasha.

Sai dai ba don wannan ƙasa aka ƙera na'urar ba. Da hunturu ya kama, ƙura mai laushi kamar garin tuwo takan bi ta kowace kafa. Cikin kwamfuta akwai ƴar fanka da ke jawo iska don sanyaya ƙwaƙwalwarta. To, tare da iskar take jawo ƙurar, ta tara ta a bakin ramukan fita har ta yi kamar auduga. Maigidan ba ya lura, domin lokacin sanyi ne. Sai bazara ta zo, watan Afrilu da Mayu, zafi ya haura 40, sannan na'ura ta shiga gurnani, ta yi nauyi, ta mutu tsakiyar aiki. Nan ne wani zai ce an yi mata baki. Ba baki ba ne, numfashi ne ya gagare ta.

Maganin bai kai kuɗin mota zuwa Maraɗi ba. A kashe ta, a zare waya, a cire batir idan mai cirewa ne, a kwance ƴan kusoshin baya, a jera su bisa faranti don kada rairayi ya haɗiye su. Sannan a share da buroshi mai taushi, a hura da abin hura iska na roba, ana dafe fankar da yatsa don kada ta yi ta juyawa. Ba a hurawa da baki, saboda yawu. Ba a kusantar ta da jiƙaƙƙen tsumma. Mai hankali kuma ba ya aza ta bisa katifa ko darduma, sai bisa katako, in ya gama ya lulluɓe ta da zane. Idan aka kunna fanka na juyawa amma allo ya ƙi haske, sau da yawa ɗan sirrin allon nan da ake kira RAM ne ya yi datti: a zare shi a hankali, a goge haƙoransa masu ruwan zinariya da gom ɗin ƴan lakwal, a mayar. Wadda kuma kullum take mance kwanan wata, ƙaramin fil ne mai kamar kwabo, CR2032, ya ƙare.

Babbar magana ita ce ta kuran. Nan kusa, a Gazawa, layin wuta mai ƙarfin kilobolt 132 da ya taso daga Katsina yake sauka, daga nan Nijelek ta rarraba zuwa Maraɗi da Damagaram. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, Najeriya ta yanke wannan wuta a watan Agusta, ba ta maido ba sai cikin Maris 2024. A waɗannan watanni wasu sun koma ga ƙaramin gurup ko faifan hasken rana. Ɗaukewar wuta dai ba ta cika kashe na'ura ba. Dawowarta da ƙarfi ita ce mugunta, domin ita ke ƙona sharja. Saboda haka wanda ya sayi kwamfuta bai sayi regilater ba, ya sayi doki ne ba linzami. Ta tebur kuwa sai da ondiler, mai riƙe wuta ƴan mintoci har a adana aiki. Kuma ba kowace sharja ake soka mata ba don kawai bakinta ya shiga. A karanta bolt ɗin da aka rubuta a ƙarƙashinta, yawanci 19.

Akasarin na'urorin gwanjo ne. Waɗanda suka biyo ta Kano da Katsina da Jibiya haruffansu na Ingilishi ne, sai malamin da ya saba da na Faransanci ya danna A ya ga Q, ya ɗauka lalacewa ce, alhali harshen madannai kawai za a sauya.

Abin da ba ya sayuwa a kasuwar Maraɗi shi ne abin da ke ciki: makin ƴan aji, sunayen manoman da suka karɓi iri, kundin ɗalibi na shekara guda. Ƴar kile ɗin da ke yawo daga biro zuwa shagon buga takardu ita ke kwaso cutar da ke ɓoye fayil ta bar inuwarsa. Shi ya sa masu lura suke riƙe biyu: ɗaya ta yawo, ɗaya ta ajiya, wadda ake zuba mata aiki duk ƙarshen mako a ƙulle ta cikin akwati tare da takardun gona.