Hunturu ya shigo, mafarauta a duba notin ƙota

Jama'a, mu masu bindigar farauta a karkarar Maraɗi da Damagaram mun saba ɗora laifi kan harsashi ko ido idan harbi ya kauce. Sau da yawa kuwa laifin na notunan nan biyu ne da ke haɗe ƙarfen bindiga da ƙotarta.

Ƙota dai icce ne. Da damina takan sha laima ta kumbura, hunturu na kaɗawa sai ta bushe ta tsuke, notin da ke dam a watan Agusta ya saki a Janairu. Ƙarfe ya samu wurin motsi ke nan: yau harbi ya yi dama, gobe ya yi hagu. Dabba ta tsere da rauni ta mutu a banza. Bugun harbi kuma yana ta dukan iccen har ya tsage, ga shi kusa da kuncin mutum.

To, gyaran ba wuya. Mu fara cire harsashi, mu leƙa mu tabbatar ba kome ciki. Mu samu abin ɗauri daidai da bakin notin, kada wuƙa ta ɓata shi. A kama na gaba kaɗan, a koma na baya, a dawo, sannu-sannu har su zauna. Ba nuna ƙarfi ba ne: matsi in ya yi yawa yakan murƙushe iccen ko ya cinye zaren notin. In ƙota ta riga ta tsage, a ajiye bindigar sai mai gyara ya gani. Allah ya tsare mu.