Zaɓen Magani Ga Mai Amosanin Gaɓɓai



Akwai ciwon da muka daɗe muna kira "sanyi" a gidajenmu, alhali asalinsa daban ne. Shi ne amosanin gaɓɓai, wanda likitoci ke rubutawa polyarthrite rhumatoïde. Garkuwar jiki ce ke juyowa ta far wa gaɓɓai, yatsun hannu biyu su kumbura, su sandare da asuba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta masu fama da shi miliyan 18 a shekarar 2019, kashi 70 cikin ɗari mata.

Mu ma ya shigo mana gida ta kan mahaifiyarmu, har jan carbi da zaman tahiya suka gagare ta. An fara da methotrexate, sau ɗaya a mako. Da bai wadatar ba, likita ya ambata magungunan da ake sarrafawa daga ƙwayoyin halitta masu rai, ya ce ƙarfinsu kusan ɗaya ne, saura mu duba halin gidanmu.

Etanercept allura ce ƙarƙashin fata kowane mako, adalimumab duk mako biyu. Ana yin su a gida, amma sai an adana su a firji, tsakanin digiri 2 da 8. Wanda ya san ɗaukewar wuta da bazara ya san nauyin wannan sharaɗi. Infliximab kuwa ta ƙarin ruwa ake ba da shi a asibiti, duk mako 8 bayan karon farko-farko, ga kuɗin mota, ga wunin jira.

Kowanne aka zaɓa, sai an fara gwajin tarin fuka da ciwon hanta nau'in B, domin waɗannan magunguna na raunana garkuwa, cutar da ke kwance ta farka. Sai batun kuɗi. Tun 2013 Turai ta amince da makamancin infliximab mai rahusa, na sauran suka biyo baya, amma har yanzu nauyi ne ga iyali, kuma yanke magani a tsakiya kan dawo da ciwo.

Mun yi ta lissafi, Inna na saurare. Daga ƙarshe ta ce: "Ku bar ni a ɗakina, doguwar hanya ta fi allura ciwo." Aka tsaya kan adalimumab, ƙanenmu mai firjin sola ya ɗauki ajiya, sauranmu muka raba kuɗin wata-wata.

Shawararmu ga kowane gida: a tambayi likita, a auna aljihu, sannan a tambayi mai ciwon, domin jikinta ne. Allah Ya ba marasa lafiya sauƙi, amin.