Kunkurun gida da ganyen alobera

Akwai tambayar da ke yawan tasowa tsakanin masu ajiye kunkuru, musamman yanzu da gidaje da yawa ke da tukunyar alobera a bakin rijiya ko gefen famfo: idan kunkuru ya ci ganyen, zai cutu? Wasu sun ji an ce guba ce, har suna tumɓuke shukar. Wasu kuma kullum sai sun yanka masa, wai magani ne. A ganina duka ɓangarorin biyu sun kauce hanya, kuma dabbar da ba ta iya kai ƙara ita ke kwana a ciki.

Duk wanda ya taɓa yanka ganyen alobera ya san abu uku ne a jikinsa. Akwai koren ɓawo mai ƙayoyi a gefe, akwai farar tsoka mai yauƙi a tsakiya wadda kusan kashi 99 cikin 100 ruwa ne, sai kuma wani ruwa rawaya mai tsananin ɗaci da ke tsattsafowa daga ƙarƙashin ɓawon. Wannan rawayan shi ne abin lura. Yana ɗauke da sinadarin da ake kira aloyin, wanda ke motsa hanji ya sa gudawa. Ƙarfinsa ya kai a shekarar 2002 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta cire shi daga jerin magungunan sakin ciki da ake sayarwa ba tare da takardar likita ba. Shi ne kuma dalilin da ya sa likitocin dabbobi ke lissafa alobera cikin tsirran da ke cutar da kyanwa da kare. Daga nan maganar "guba ce" ta samo asali, mutane suka ɗauko hukuncin kyanwa suka ɗora wa kunkuru.

Amma cikin kunkuru daban yake. Babban kunkurun nan mai ruwan ƙasa da muke gani a gidajen Kano, Katsina, Maraɗi da Damagaram ɗan yankin Sahel ne, daga Senegal har Sudan da Habasha. Shi ne na uku a girma a duniya, bayan na tsibiran Galafagos da na Aldabra, yana iya wuce kilo 50, yana kuma iya haura shekara 70. Allah Ya halicce shi a ƙasar da ruwa ke wuya, don haka a daji yakan nemi tsirrai masu tara ruwa a ganye ya rage ƙishi da su. Ƙungiyar The Tortoise Table ta Ingila, wadda aikinta ke nan tantance tsirran da kunkuru zai ci, ta sa alobera a sahun abin da za a ba shi kaɗan-kaɗan.

To ga matsayata. Lafiyayyen kunkuru babba, idan ya gutsiri alobera jefi-jefi, ba abin da zai same shi. In kana son ba shi da hannunka, yanke ganyen, jingine shi a tsaye har rawayan ruwan ya tsiyaye, wanke, fere ƙayoyin, ka ba shi ɗan yanki. Sau ɗaya cikin mako biyu ya isa. Jariri kuwa, wanda bai wuce tafin hannu ba, gara a bar shi, domin gudawa kaɗan na iya ƙarar da ruwan jikinsa. Haka wanda kashinsa ya riga ya yi ruwa. Kuma kada a ba shi man alobera na kanti da mata ke shafawa, akwai turare da sinadaran adanawa a ciki. Shukar da aka fesa wa maganin ƙwari ma a nisanta ta daga gare shi.

Rashin ruwa a jikin kunkuru ba ƙaramin abu ba ne. Wannan farin abu mai kama da alli da yake fitarwa tare da fitsari, in jiki na da ruwa, laushi gare shi. In ruwa ya yi ƙaranci sai ya zama tsakuwa-tsakuwa, a hankali ya dunƙule ya zama dutse a mafitsara, wanda wani lokaci sai an yi aiki kafin a fitar. Maganar da ake yi cewa kunkuru ba ya shan ruwa ba gaskiya ba ce. A ajiye masa faffaɗan kwano marar zurfi, zai sha, zai ma shiga ya jiƙa.

Abin da ya fi damuna shi ne muna fargabar alobera alhali abin da ke lalata kunkurun gidajenmu yana cikin kwanon da muke miƙa masa kowace safiya: ɗumamen tuwo, sauran shinkafa da mai da yaji, burodi, wani lokacin har da nama. Wannan dabba mai cin ciyawa ce. Hanjinta an gina shi ne don ciyawa mai kaushi, ƙwayoyin halitta da ke ciki su ke narkar da ita sannu a hankali. Kiri-kiri, harkiya, busasshiyar ciyawa, su ya kamata su zama mafi yawan abincinsa. Harawa a rage, ta cika gina jiki. Kankana da mangwaro sai dai ɗanɗano, zaƙinsu na birkita masa ciki. Ƙoƙon bayansa kuma yana buƙatar kalsiyam da hasken rana: a dafa ɓawon ƙwai, a daka, a barbaɗa masa a abinci, a bar shi ya sha hantsi, a kuma tanadar masa inuwa ko rami.

An ce labarin zuciya a tambayi fuska, to kunkuru fuskarsa ba ta faɗin komai. Zai ci tuwon nan shekara da shekaru bai nuna alama ba, sai wata rana ka ga bayansa ya yi tudu-tudu, ko ƙoƙon ya yi laushi, ko ƙafafun baya sun kasa ɗaukarsa. A lokacin ɓarnar ta riga ta zauna a ƙashi da ƙoda.

Tsirran da suka cancanci tsoro na gaske su ne tumfafiya, zaƙami, tinya da kariya. Duk mai farin ƙaro kamar madara a kauce masa. Sannan ina roƙon masu kiwo da babbar murya: kada a yi wa kunkuru allurar Ivermectin da ake yi wa awaki da shanu don tsutsar ciki. Tana shanye masa jiki, tana kashe shi. Haka kuma kada a huda gefen ƙoƙonsa a ɗaura igiya, ƙashi ne mai rai, yana jin zafi.

A shekarar 2021 ƙungiyar kare halittu ta duniya, IUCN, ta sa wannan kunkuru na Sahel cikin dabbobin da ke fuskantar barazanar ƙarewa, saboda kamun da ake yi masa da kuma ƙarancin makiyaya. Kowane ɗaya da ke tsakar gidanmu amana ce, kuma mun san hadisin matar da aka azabtar saboda kyanwar da ta tsare ba ci ba sha. Wanda ya ɗauko dabba daga daji ya killace ta, abincinta da ruwanta sun dawo wuyansa.

Don Allah, duk mai kunkuru a gida, ya bar aloberarsa a tukunya, ya ɗaga ta inda kunkurun ba zai cinye ta gaba ɗaya ba, ya daina zuba masa sauran tuwo, ya nemo masa ciyawa da ruwa mai tsabta. Wanda ya ga nasa ya daina cin abinci ko idanunsa sun faɗa, ya kai shi wurin likitan dabbobi da wuri. Ku isar da wannan ga 'yan'uwa masu kiwonsa.