Ranar Sallama Jinya Take Komawa Gida

Mu da muka manyanta a ƙasar Boɗinga da Shagari mun sha raka iyaye da yayye Sakkwato, Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ko Asibitin Ƙwararru, mu dawo da su ana ta barka da arziki. Abin da shekaru suka koya mini shi ne, daga ranar sallama nauyin jinya ya dawo wuyan iyali.

Tsoho ya dawo da ledar sabon magani, na da kuma yana nan ƙarƙashin matashi. Likita ya tsayar da wani, ya rage wani, ya ƙara wani, amma a gida sai a haɗe duka. Sau da yawa maganin hawan jini ɗaya ne, amlodipine, kamfani ne kawai ya bambanta, a yi ta ba shi ninki biyu. Jini ya sauka fiye da kima, jiri ya kayar da shi wajen alwala, a ce tsufa ne. Mai ciwon sukari kuwa, in ya sha glibenclamide bai ci abinci ba, sai gumi da karkarwa da ruɗewa. In yana iya haɗiya, a ba shi ruwan sukari, a garzaya asibiti.

Ga kuma 'yan dubiya, kowa da tsarabarsa. Wannan ya kawo jiƙo, wancan ya sayo diclofenac a kemis saboda ciwon gwiwa, alhali yana taɓa ƙodar tsoho da cikinsa. Niyyarsu alheri ce, a yi musu godiya, amma kada a ba shi sai an tambayi likita.

Shawarata, mutum ɗaya ya riƙe maganin. Kafin a baro asibiti, ya zube tsohon magani da sabo gaban likita ko mai harhaɗa magani: wanne aka tsayar, wanne ake ci gaba da shi, yaya za a yi da azumi? Matambayi ba ya ɓata. Ya rubuta amsar da boko ko ajami, ya ɗaura ta da lokutan salla: wannan bayan asuba, wancan bayan isha'i. Wanda aka tsayar a fitar da shi daga ɗakin. In akwai allurar insulin, a nema mata wuri mai sanyi, don zafin bazararmu yana wuce digiri 40.

Ko Baba ya ce ya warke, maganin hawan jini ba a barinsa sai da izinin likita. A lallashe shi da ladabi, a kuma kiyaye ranar komawa asibiti. Wannan ma biyayyar iyaye ce, Allah Ya ba mu ladanta.