Baƙo Raɓa: Sati Ɗaya a Gidan Haya a Bakin Tekun Wels

A wajenmu in an ce mutum ya kama haya, zama ake nufi. Zai kawo tabarmi da tukwane, ya zaga ya gaida maƙwabta, ya kai yara lakkol ɗin unguwa. A Birtaniya akwai wata irin haya da ba ta wuce kwana bakwai. Gida ne cikakke, da gadaje da zannuwa da cokula har da tsintsiya. Iyali su biya kuɗin sati su shiga, sati na cika su fita, wasu su shigo. Na kwana a irin wannan gida lokacin da na kai wa ƙanena ziyara a babban hutu. Shi ma'aikacin asibiti ne a Mancesta, kuma ya ce ba zan koma Maradi ba sai na ga teku tare da ƴaƴansa.

Garin da ya zaɓa sunansa Abersoch, a ƙasar Wels, wadda muka karanta a lakkol da sunan Pays de Galles. Tana yamma da Ingila, mutanenta sun ɗan haura miliyan 3, kuma suna da harshensu na kansu da suke kira Cymraeg. A harshen, "aber" bakin kogi ne, inda kogin Soch yake faɗawa cikin teku. A da ƙauyen masunta ne. Yau wurin hutun masu hali ne, tafiyar wajen awa uku a mota daga Mancesta.

Tun watan Janairu ƙanena ya kama gidan ta intanet don satin farko na Agusta. Kuɗin kwana bakwai ɗin nan ya ninka albashina na wata sau da yawa. Da na riƙe baki sai ya ce, "Yaya, a watan Mayu ko rabin wannan ba za mu biya ba, amma wa zai fitar da yara daga aji?" A Ingila uban da ya ɗauke ɗansa zuwa yawon hutu alhali ana karatu, tara ake cin sa. Tun daga 2024 fam 80 ne kan kowane yaro, uwa ta biya nata, uba ya biya nasa. Shi ya sa kowa yake tururuwa zuwa bakin teku a sati shida na hutu, haya kuwa ta yi sama.

Da muka isa ba wanda ya tarbe mu. Makulli yana cikin wani ɗan akwatin ƙarfe a jikin bango, sai ka danna lambobin da aka aiko maka a waya ya buɗe. Ni da na saba baƙo ba ya zama sai an ce masa sannu da zuwa an miƙa masa ruwa, abin ya yi mini wani iri. A kan tebur mun tarar da takardar dokoki: a shiga bayan ƙarfe huɗu na yamma, a fita kafin ƙarfe goma na safiyar Asabar, a ware shara, kwalabe daban, takardu daban, ragowar abinci daban. Kusa da takardar an ajiye mana burodinsu mai zabibi da ake jiƙawa da shayi, wanda suke kira bara brith. Wannan ne ruwan baƙuntar.

Mun ji daɗin zaman ƙwarai. Matar ƙanena ta taho da naman halal daga Mancesta ta cika firigo, muka ci tuwo a ƙarƙashin rufin dutse. Rana ba ta faɗuwa sai wajen ƙarfe tara, har yara su yi barci kafin sallar Isha'i. Sau biyu a yini teku yake janyewa ya bar rairayi fili guda, sannan ya dawo ya shafe gidajen yashin da yaran suka gina. Ruwan kuwa sanyi kamar na randa a tsakiyar hunturu.

Amma malami ko'ina ya je, lakkol yake nema da ido. A rana ta uku na tambaya, aka nuna mini wani ɗan gini a rufe. Wannan ita ce firamaren garin. An rufe ta a ƙarshen 2021, lokacin da ɗalibanta ba su kai goma ba, aka mayar da su makarantar ƙauyen Sarn Bach da ke kusa. Na tsaya ina mamaki, don ban ga ƙarancin yara ba. Bakin teku cike yake da su, kowane da bokiti da ɗan shebur. Ashe dukansu irin namu ne, ƴan sati ɗaya.

Wadda ta warware mini zancen ita ce matar da ke gyaran gidan, da ta kawo mana sababbin tawul a tsakiyar sati. Ƙanena ne ya yi mana tafinta. Ta ce a garin aka haife ta. Ranar Asabar tana share gida biyar tsakanin goma na safe da huɗu na yamma. A watan Janairu kuwa sai ta bi layi guda da dare ba ta ga taga mai haske ba sai ɗaya ko biyu. Ɗanta ya yi aure, amma can nesa da teku yake haya, don albashinsa ba zai sayi ko ɗaki ɗaya a garin uwarsa ba. Na sa aka tambaye ta ko tana jin haushin irinmu. Ta yi dariya ta ce, "Ku ne abincina. Gidan da ake kwana a ciki ana sayen burodi a kantinmu da sauƙi. Wanda ya dame ni shi ne wanda ke kulle wata goma."

Hanyar da abin yake bi ba ta da wuyar ganewa. Mai kuɗi daga birni ya sayi gida na biyu ko na haya, farashi ya tashi. A Abersoch ko ƴar rumfar katako ta canza kaya a bakin teku an taɓa sayar da ita sama da fam 150,000. Matasa su kasa saye su tashi, haihuwa ta koma wani gari, aji ya bushe. Kuma a nan ba aji kaɗai ke bushewa ba. Gundumar Gwynedd, inda garin yake, ita ce cibiyar harshen Cymraeg, kusan mutum biyu cikin uku suna jin sa, kuma da shi ake koyarwa a firamare. A ƙasar baki ɗaya ƙidayar 2011 ta sami masu harshen kusan 562,000, ta 2021 ta sami kusan 538,000, alhali gwamnatin Wels tana burin su kai miliyan ɗaya a 2050. Duk iyalin da ya tashi, da harshen yake tafiya.

Rigimar tsohuwa ce. Daga 1979 zuwa farkon shekarun 1990 wata ƙungiyar ɓoye mai suna Meibion Glyndŵr ta cinna wa gidajen hutu wuta, sama da 200. Yanzu da haraji ake yaƙin. Tun Afrilun 2023 gundumomi suna da ikon ƙara har kashi 300 cikin ɗari a kan harajin gida na biyu, Gwynedd ta sa kashi 150 a shekarar. Gidan haya irin namu kuwa, in mai shi yana son a ɗauke shi a matsayin sana'a, sai an kwana a ciki dare 182 a shekara. Masu gidajen suna kukan cewa cika wannan adadi da wuya a ƙasar da sanyi da ruwan sama suke korar baƙi rabin shekara, kuma su ma suna da gaskiyarsu.

Duk wanda ya riƙe aji a ƙauyukanmu ya san yadda kiran suna yake gajarta bayan kaka, in iyalai sun tafi cin rani. Sai dai namu suna dawowa da ruwan farko, don gida da gona suna nan suna jiran su. Ɗan matar nan ba shi da ƙofar da zai dawo ya buɗe.

Ban ce wa ƙanena ya daina kai ƴaƴansa teku ba. Abin da muka tsayar shi ne ladabin baƙunta, irin wanda iyayenmu suka koya mana. A nemi gidan da mai shi ɗan yankin ne. A yi cefane a kantin gari maimakon a cika mota daga birni. Yara su koyi gaisuwar masu gari: "bore da" ina kwana, "diolch" na gode. Ƴar ƙanena ta gwada a wurin mai sayar da madara, tsohon ya sunkuyo ya amsa mata da doguwar magana da ba wanda ya gane a cikinmu, fuskarsa cike da fara'a.

Hausawa suka ce baƙo raɓa, ɗan gari kaba. Raɓa tana da amfaninta, tana jiƙa ganye da safe. Amma in an tumɓuke kabar don a yi wa raɓa wuri, a kan me za ta sauka?