Kano Saboda Boris Biyu

Kukan injin ne ya fara canjawa. Wanda ya daɗe a shagon kafinta ya san muryar injin goge katako kamar yadda ya san tarin mahaifinsa, kuma namu, wanda Baba ya bar mana a Kazaure, muryarsa a daidaice take tun muna yara. Sai ga shi ya koma gurnani mai haɗe da shewa. Kwana biyu bayan haka falankin maɗaci ya fito da ƙananan tuddai a jere, kamar rairayin da ruwa ya bi ta kai. Yaya ya kashe wuta, ya taɓa gidan boris na gefen fuli, ya janye hannu da sauri. Ya cire bel, ya kama gangar da wuƙaƙe ke ɗaure a jikinta ya jijjiga sama da ƙasa, muka ji ƙwas-ƙwas.

Lokacin kaka ne, an shigo da amfanin gona, bukukuwa sun yi layi. Gado uku da sif biyu na kayan ɗakin amare suna jiranmu, kuma iyayen yara sun riga sun ba da kafin alƙalami. Abin da ya fi ci mini rai shi ne wata huɗu kacal da sa wannan boris ɗin. Ni na sayo shi a hannun wani mai kayan gyara, kwalinsa fes, farashinsa da daɗi, wani yaro kuma ya buga shi da guduma.

Da asuba muka kwance wuƙaƙen, muka naɗe gangar a buhu. Yaya ya ce, "Kada ka tafi da lamba kawai a takarda. Tafi da ƙarfen gaba ɗaya, a gani da ido."

Na ce, "To, Yaya."

Direba ya so ya jefa buhun a but tare da buhunan gero, na ƙi, na biya kuɗin kujera na rungume shi a cinya. Idan bakin sandar gangar nan ya lanƙwashe ko da kaurin gashi ne, aikin ya wuce na boris. Muka bar duwatsun Kazaure cikin hazon hunturu, muka wuce Ɗambatta da Kwanar Dumawa, karan dawa a tsaye dama da hagu. Daga Miltara cunkoso ya fara, Bachirawa, Rijiyar Lemo, Kurna, har ƙafata ta yi sanyi saboda nauyin ƙarfen kafin mu sauka a Ƙofar Ruwa.

A can cikin layin masu ƙarfe na sami dattijon da Yaya ya kwatanta mini, mai injin sassaƙa ƙarfe, wanda ya san mahaifinmu. Na durƙusa na gaishe shi, ya yi wa Baba addu'a, sannan ya ce, "Buɗe mu gani, yaro."

Bai taɓa guduma ba. Ya sa fula mai ƙafa uku ya zare fuli, ya ajiye ɗan makullinsa a cikin gwangwani don kada ya ɓata, ya cire zoben da ke tare boris, sannan ya zare su ɗaya bayan ɗaya a hankali. Ya ɓalle robar na gefen fuli ya miƙo mini. Giris ɗin ciki ya zama baƙin dunƙule da garin katako, hanyar da ƙwallayen ke bi duk ta yi ramuka. Ya nuna mini wasu ramukan da ke jere daidai da tazarar ƙwallayen, ya ce waɗannan ba tsufa ba ne, sawun guduma ne. Idan za ka sa boris a kan sanda ka bugi zoben waje, ƙarfin bugun ta jikin ƙwallayen yake bi kafin ya kai zoben ciki, kowace ƙwallo ta bar tabo. Ka kashe shi ke nan tun bai fara aiki ba. Gangar irin wannan inji tana juyi wajen 5,000 a minti, sama da 80 ke nan a daƙiƙa guda, ƙaramin tabo ba ya zama ƙarami a wannan gudu.

Sai ya ɗauko ma'aunin kauri. Gefe ɗaya na sandar ya cika milimita 25 cif. Gefen fuli, wanda shi ke ɗaukar jan bel, ya ɗan ci, domin zoben ciki ya riƙa zamewa a kansa maimakon ya kama. Ya ce ko na sa boris na zinariya a haka, rawa zai yi. Shi zai cike wurin ya sassaƙe shi ya dawo daidai, ni kuma in tafi Sabon Gari in nemo 6205 guda biyu, masu roba gaba da baya. "Biyu fa," in ji shi. "Ba a canja ɗaya a bar ɗan'uwansa."

A hanyar Sabon Gari cikin adaidaita sahu na riƙa juya tsohon boris a hannuna ina tuna abin da dattijon ya koya mini a tsaye. Lambobi biyu na ƙarshe, idan ka ninka su sau biyar, galibi su ne faɗin ramin: 05 ya ba da 25, 6204 ramin 20, 6206 ramin 30. Namu faɗinsa na waje 52, kaurinsa 15. Mai 2RS roba ce ta rufe shi ta fuska biyu, mai ZZ kuma faranti ne na ƙarfe, wanda ƙurar katako mai laushi ke iya ratsawa. Shekara nawa ina shiga shagonmu, ban taɓa sanin lambobin magana suke yi ba.

A titin Faransa na shiga shago huɗu. Kowa yana da 6205, kuma kowa ya tambaye ni tambaya ɗaya: na wane kuɗi nake so? A nan matsalar take. Sunayen da ake nema sanannu ne, SKF na Suwidin, NSK da NTN na Japan, FAG na Jamus, kuma saboda ana neman su ne masu jabu ke kwaikwayon kwalinsu har da rubutun jikin ƙarfe. A shago na huɗu wani Ibo mai furfura, wanda Hausarsa ta fi ta wasu 'yan birni, ya tambaye ni a wane inji zan sa. Da na faɗa masa sai ya mayar da wanda ya fara ɗaukowa, ya shiga ciki ya fito da wani.

Na ce, "Oga, wannan ai ninki uku ne."

Ya ce, "Malam, wancan na baro ne. Naka wuƙa yake juyawa a gaban cikin mutum."

Wannan maganar ce ta sa na biya, na karɓi rasit. Har yau ina ganin mai sayar da boris na jabu ga injin da ke ɗauke da wuƙa ya fi ƙarfin a kira shi mai ha'inci kawai, domin yatsun almajiran shago ne a bakin wannan ganga, ba nasa ba.

Bayan la'asar dattijon ya gama sandar. Ya goge ta tsaf, ya shafa ɗan mai, ya yanko bututu wanda bakinsa ke taɓa zoben ciki shi kaɗai, ya sa a injin matsi ya tura boris ɗin a hankali har ya zauna. Ya juya gangar da yatsa ɗaya, ta yi ta tafiya shiru. Ya gargaɗe ni abu biyu: kada Yaya ya ɗaure bel tamau, kuma wuƙaƙen su zama nauyinsu ɗaya bayan an wasa su, in ba haka ba gangar za ta yi ta dukan sabon boris a kowane juyi. Kuɗin aikinsa kawai ya karɓa, bututun kuwa ya ce in tafi da shi, zai yi mana amfani nan gaba.

Ana kiran isha na sauka a Kazaure, Yaya yana zaune a bakin shago da tocila. Bai iya jira gari ya waye ba. Muka ɗaura, muka daidaita wuƙaƙe, ya tayar da janareta, ya bar injin yana gudu babu katako na kusan minti goma. Ya ɗora tafin hannunsa a gidan boris, ya bar shi a wurin. Sannan ya ce in miƙo masa falankin maɗacin nan mai tuddai.